Tutar Baba Yefim

Shelta, watan Janairu

Zuwa ga Yaya Taisiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne Lukyan ɗan Nyura, wadda ita da marigayiya mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne. In kin manta ni, ni ne yaron da kika taɓa cire wa ƙugiya a kunne yana ihu. Yanzu ni ke faskaren itacen makaranta, gidanmu kuma yana nan jikin na mahaifinki, Baba Yefim. Inna lafiya, sai gwiwa da ke damunta in sanyi ya tsananta. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Abin da ya sa na rubuto, wani abu na gani ranar Talata da safe, ya ƙi fita a raina.

Muna kan tabki, ruwansa ya daskare ya zama ƙanƙara, rana ta ɗan leƙo, babu iska. Baba ya fasa ramukansa na kamun kifi a ƙanƙarar kusa da gaɓa ya girke tutocinsa. Kin san su, waɗanda ya sassaƙa da hannunsa: katako a bakin rami, kwarkwaron zare, da siririn ƙarfen da ake lanƙwasawa a maƙale. Kifi na jan ƙoto ƙarfen ya kuɓuce, jan ƙyalle ya miƙe. Ƙyallen ma har yau na tsohuwar rigar mahaifiyarki ne, ya ƙi canzawa.

Yana zaune a kan akwatinsa yana shan shayi sai tuta ɗaya ta miƙe. Nisanta da shi bai fi daga ƙofarku zuwa rijiya ba, kuma fuskarsa a kanta take. Daga inda nake ina hango kwarkwaron yana juyawa kamar zai tashi sama. Baba bai motsa ba. Ya kurɓi shayi, ya hura, ya sake kurɓa.

Zahar mai gemu ya dube ni, na dube shi. Kin san dokar tabkin nan. Za ka iya shanye shayin mutum, ka cinye burodinsa, ka zage shi har kakanni, amma ba ka taɓa tutarsa. In ya ba ta baya kana iya yi masa kira. In yana kallonta kuwa ka ce masa ta tashi, ka zage shi ke nan. Muka yi shiru har zaren ya daina gudu.

Can sai ya miƙe ya shiga bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana shafa kowace tuta da hannu. Baba fa, wanda in ya ga mutum yana zagaya ramuka yake ce masa, "Kaza ce kai? Zauna, abin da aka yi wa ido ke nan." Da ya isa waccan ya tarar kifi ya tafi da ƙoto, ya ɗura masa ashar.

Zahar ya ce, "Yefim, yau sadaka kake yi wa na ƙasa?"

Ya ce, "Ƙarami ne, na bar shi ya girma. Kai da ko kwaɗo ka kama sai ka kai gida."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Tun daga ranar nake lura. Yana zuba shayi ya wuce bakin kofi. Ya yi tuntuɓe da dokin ƙofar da shi ya kafa. Jiya ya gaida Tihon masunci da sunan Zahar. Ban ce komai ba, Yaya, abin da na gani na faɗa. Ke ce 'yarsa, ke kika san abin yi.

Ƙaninki,
Lukyan

*

Murmansk, farkon Fabrairu

Ƙanena Lukyan,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ta yaya zan manta ka, ihunka har tsallaken tabki aka ji. Ka gaida Inna Nyura, ta riƙa ɗora ganyen kabeji a gwiwar. Mu nan da sauƙi, ƙaramar ce take tari, maigidan kuma yana teku sai bazara.

Na karanta a kan teburin kamfani, hannuna duk ƙarnin kifi, na kuma gane abin da kake ta kewaye-kewaye ka kasa faɗa. Ya koma sha. Tuntuɓe, zubar da shayi, zama kamar dutse tuta na tsaye, duk na san su. Haka ya yi shekarar da Mama ta rasu, sai da na zo na zubar da kwalabe a gabansa ya rantse min da kabarinta. Ashe rantsuwar ta narke da ƙanƙarar bara.

Kada ka ji kunya, ka kyauta da ka faɗa. Na rubuta masa tasa daban, ban kuwa tausasa ba, don Baba ba ya jin magana mai laushi. Kai kuma ka je wurin mai kanti ka ce ni na ce kada ta ƙara sayar masa. In ya yi faɗa ka ce ya zo ya yi da ni.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba. Ba a ba da hutu a kamfanin gwangwani lokacin da jirage ke sauke kaya, kuma wa zan bar wa yara? Ka sa masa ido, Allah zai saka maka.

Yayarka,
Taisiya

*

Shelta, tsakiyar Fabrairu

Yaya Taisiya,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba ƙaramar lafiya. Inna ta gode da maganin, ta ce kabejin ya fi amfani a tukunya amma za ta gwada.

Yaya, ban ce giya ba. Da na san haka za ki ɗauka da na faɗi abin a fili tun farko, nauyinsa ne ya hana ni.

Ulyana mai kai wasiƙu ta kawo tawa da tasa rana ɗaya. Da yamma Baba ya buga bango ya kira ni. Ya ce, "Ɗan Nyura, zo ka karanta min, tabarau ya ɓace." Tabarau kuwa ga shi a kan tebur, tsakaninsa da hannunsa ko taƙi biyu babu. Na zauna na fara. Gaisuwa ta wuce lafiya. Sai idona ya riga bakina isa wurin da kika ce, "Lukyan ya rubuto min komai." Na tsaya.

Ya ce, "Doki ya ga rami ne? Karanta."

Na yi niyyar tsallakewa, amma ban iya ƙaga magana da sauri ba, kin san ni. Na karanta duka, har inda kika ce Mama tana kallonsa. Itace yana ta ƙara a murhu. Can ya ce, "Ashe ɗan sanda nake ba wa kifi duk shekarun nan."

Na ce, "Baba, ban ce kana sha ba."

"To me ka ce?"

Bai ma so in amsa ba, don nan da nan ya ce, "Eh, ina sha. Sai me? Rubuta mata ka ce ina sha. Tashi ka ba ni wuri, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka kusa da ramukana."

Washegari ya je kanti ya sayi kwalba. Yanzu kullum tana aljihun kwat ɗinsa, wuyanta a waje don kowa ya gani. Na duba da kyau ranar da ya sunkuya ɗaure takalmi. Murfinta ko murɗawa ba a yi ba.

Idonsa ne, Yaya. Akwai wani fari-fari a cikin baƙin, kamar madara ta ɗiga a shayi. Ya fi son a ce da shi mashayi, don mashayi a gidansa ake barinsa. Makaho kuwa ɗaukarsa ake yi. Kin tuna tsoho Gavrila da 'ya'yansa suka kai birni, bai kai ga ganin wata ƙanƙarar ba. Baba yana yawan ambatonsa kwanan nan.

Malamar makaranta ta ce min yanar ido ce mai yiwuwa, wai a birni ana cirewa mutum ya koma gani. Na gwada faɗa masa ta bakin Inna. Ya ce, "Nyura, ki ji da gwiwarki." Ni kuma wane ne? Ba ɗansa ba, ba jikansa ba. Ba ni da ikon hana shi fita, ba ni da ikon sa shi a mota. Abin da nake yi kawai, na fasa ramukana inda zan riƙa hango shi. Tutarsa ta tashi in gani, ta gaji ta tsaya in gani. Shekaranjiya sau uku.

Ki zo tun hanyar kan ƙanƙara tana da ƙarfi.

Lukyan

*

Murmansk, farkon Maris

Lukyan,

Fatan kuna lafiya. Tarin ƙaramar ya sauka ƙirji, mun kwana biyu a asibiti, yanzu da sauƙi.

Wasiƙarka ta zo tare da ta Baba. Tasa da rubutun Ulyana ce, ya ce wuƙa ta yanke shi a babban yatsa. Ya ce idonsa ras, wai yana hango kwarkwata a gemun Zahar daga tsallaken tabki. Ya ce ya ɗan sha ne kwana biyu saboda sanyi, ya daina. Sannan ya ce wani abu da ban so ji ba: wai tun bara kake zagaya jirginsa kana shafawa, kuma in an ɗauke shi ai gidan ba zai zauna babu kowa ba, ga ka da shirin aure.

Ban ce na yarda ba. Amma ka sa kanka a matsayina. Ina nan nesa, mutum biyu suna faɗa min magana biyu, ɗaya ubana ne. Da alamun giya ka zo min, yanzu ka ce ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba ya gani ai shi zai fara sani.

Duk da haka ban zauna ba. Ga ƙunshi nan tare da wannan. Wani abokin aikin maigidan ne ya kawo su daga ƙetare. Ƙarfe ne mai ƙafa uku, ana ɗora gajeriyar sandar fatsa a kai, kifi na ja sai ta sunkuya ƙararrawa ta kaɗa. In idon ne, kunne zai yi masa aiki. In ba idon ba ne, ya sami abin wasa. Ka ce masa duk masuntan nan da su suke kamu. Kada ka kuskura ka ambaci ido.

Da rani zan zo in gani da kaina, in Allah ya yarda.

Taisiya

*

Shelta, ƙarshen Maris

Yaya Taisiya,

Ina gaisuwa. Mun yi wa ƙaramar addu'a, Inna ta kunna mata kyandir.

Maganar jirgi da gida, ba zan ce komai ba sai wannan: na shafa jirgin, gaskiya ne, don kwalta ta ɓaɓɓake a gindinsa ina duba inda zan liƙe. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba, ya wuce.

Ƙunshi ya iso. Da farko ya ce kayan ragwaye ne, ya tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyu muna kan tabki sai muka ji ƙililin. Zahar ya miƙe ya kare ido da hannu ya ce, "Shanun wa suka ɓace?" Tihon ya cire hula ya ce, "A'a, Yefim ne ya buɗe coci, ku zo mu yi ibada." Baba bai kula su ba. Ya miƙe ya nufi ramin kai tsaye, ba shafe-shafe, ya jawo kifin sudak mai tsawon hannuna ya jefa a gaban Zahar ya ce, "Ga limaminku."

Yaya, rabon da in ga ya yi dariya irin wannan tun kaka. Ya bi ƙararrawan ya liƙa wa wata kakin zuma, ya ɗan bubbuge wata, har kowace ta sami muryarta. Da jin ƙara ya san ramin. Ya kuma ɗaura wa kowace jan ƙyallen, ko da yake ba ya ganinsa. Kwalbar ta bar aljihu. Ran nan ya rataye wa Inna kifi a ƙofa bai ce komai ba, na san sulhu ke nan. Ɗaya ta karye a ƙafa, ya jefo min ya ce, "Gyara, tunda kai ne mai ido." Ƙafar tana wurin maƙeri, ƙararrawarta tana aljihuna.

To amma ba murna ce ta sa na rubuto ba.

Da, dole ta tsare shi kusa da gaɓa, tunda sai ya bi ramuka da hannu. Yanzu da kunne ya isar masa, ya kwashe kayansa ya koma tsohon wurinsa, bayan tsibiri, inda ruwan kogi ke shigowa ta ƙasa. Can kifi yake, kuma can ƙanƙara ke fara ruɓewa. Ke 'yar tabki ce, kin sani: ƙanƙarar bazara da ido ake karanta ta. In ta fara yin toka-toka, in ta yi duhu kamar ta sha mai, an gama. Dagi yana faɗa maka halin inda ka riga ka taka ne kawai, ba ya faɗa maka gaba.

Kuma wa ke faɗin ƙanƙara ta ƙare a Shelta? Baba. Tun kafin a haife ni, ranar da Yefim ya cire tutocinsa ranar kowa ke cirewa. Yanzu mutane suna kallonsa suna jira, shi kuma ba ya ganin abin da suke jira ya gani. Jiya Zahar ya daure ya ce, "Yefim, kamar ta fara duhu ta wajen kogi." Ya juya fuskarsa can, ya ɗan jima kamar mai dubawa, ya ce, "Na gani. Da saura." Zahar ya tofar da yawu. Wa zai koya wa Yefim ƙanƙara?

Na yi tunanin in riga shi fita in kwashe ƙararrawan. Na je har na tsaya a kansu da hannu a miƙe. Ba dokar ce kaɗai ta hana ni ba. Na tuna in ya zo bai ji su ba, nema zai shiga yi da ƙafa, ko'ina, har inda bai taɓa takawa ba. Barinsu haɗari, cire su ya fi. Na mayar da hannuna aljihu na dawo.

Direban motar wasiƙu ya ce bai fi zuwa ɗaya ya rage masa ba kafin a rufe hanya. Daga nan sai tabki ya buɗe jirgin ruwa ya fara tafiya. Ki biyo motar, Yaya, ko kwana ɗaya ne. Ke kaɗai ce in kika ce ya zauna zai zage ki ya zauna.

Lukyan

*

Murmansk, ƙarshen Maris

Ƙanena Lukyan,

Gaisuwa a gurguje, ina shirin fita aiki. Duk muna lafiya, ƙaramar ta koma makaranta.

Ban sami amsarka ba tukuna, wataƙila har yanzu kana fushi da ni. Ka yafe, a gajiye na rubuta. Ta Baba ce ta zo, cike da wasa kamar da. Ya ce ya fi kowa kamu a bana, ya koma bayan tsibiri, wai Zahar har ya rame don baƙin ciki. Ka gani? Mutumin da ba ya gani zai je bayan tsibiri? Kewa ce kawai ta dame shi.

Yau na yi barci mai daɗi, karo na farko tun Janairu. Na sa sunana a hutun Yuli. Ka ce wa Inna ta ajiye min busasshen kifi.

Yayarka,
Taisiya

*

Shelta, watan Afrilu

Yaya Taisiya,

Ina gaisuwa. Baba yana da rai, in fara da wannan don kada ki tsallake layi.

Wasiƙarki ta zo a motar ƙarshe. Na tsaya a gaɓa ina duban wanda zai sauko, buhun wasiƙu ne kawai da garin burodi. Na gane tawa da taki sun yi saɓani a hanya. Wannan kuma ban san ranar da za ta same ki ba, Ulyana ta ce sai jirgin farko.

Ranar Asabar kafin Ista abin ya faru. An kwana ana iska mai ɗumi. Da safe tabkin ya yi duhu, ruwa kwance a kansa wuri-wuri. A makon nan mutane sun janye kayansu ɗaya-ɗaya a ɓoye, kowa da dalilinsa, wannan ciwon baya, wancan gyaran rufi. Babu wanda ya ce masa ƙanƙara ta ƙare. Na same shi a ƙofa yana sa takalmi. Na ce, "Baba, yau kam a haƙura." Ya ce, "Kai ne Yefim yanzu?" Na riƙe hannun rigarsa. Ya tsaya cak ya ce, "Ɗan Nyura, ubanka ma bai taɓa riƙe ni ba." Na saki. Har yanzu ina tambayar kaina, amma na saki.

Na bi shi a baya da igiya da doguwar sanda. Har tsibiri ƙanƙarar da sauran ƙarfi, nan ya zauna a kan akwati. Zahar da Tihon suka biyo mu, wai sun zo duba tarkon zomo. Babu zomo a tsibirin nan, kowa ya sani.

Sai ƙararrawa mai kakin zuma ta kaɗa, ta can ƙarshe wajen kogi. Ba ƙaramin kaɗawa ba, kamar za ta tsinke. Ya miƙe da dagi a hannu. Tsakaninsa da ita baƙi ƙirin ne, ko yaro ya gani ya san ba a takawa.

Na ce, "Baba, baƙa ce!"

Ya ce, "Na gani." Ya ci gaba.

Na ɗaga ƙafa zan bi shi, Zahar ya damƙe ni ta wuya ya ce, "Mahaukaci, mutum ɗaya ma da ƙyar take ɗauka. Ka taka ka kashe shi." Gaskiya ya faɗa. Igiya ba ta kai ba. Na tsaya da ita a hannu kamar wanda aka dasa, ina kallon bayansa yana ƙanƙancewa.

Yana tafe yana buga dagi. Daga nesa na ji ƙarar ta canza, daga ƙwal-ƙwal ta koma luf, kamar ana dukan jiƙaƙƙen burodi. Sai dagin ya shige gaba ɗaya ya kuɓuce masa, ya tafi ƙasa. Ƙanƙarar ta lotsa, ruwa ya hau kan takalmansa. Ya juya da sauri, ya sake juyawa, ya tsaya. Ya miƙa hannu gaba yana lalube a iska. Ƙararrawar tana ta kaɗawa a gefensa, ta ruɗe shi, bai san ina ne tsibiri ina ne kogi ba.

Tihon ya fara ihu, "Hagu! Hagu!" Zahar yana cewa, "Baya, Yefim!" Muryoyi suka dinga dawowa daga dutsen tsibiri, yana juya kai ko'ina. Ya taka taku ɗaya wajen kogi. Na ce musu don Allah su yi shiru. Suka yi.

A cikin shirun nan ne ya ce, ba da ƙarfi ba, amma a kan ƙanƙara magana tana tafiya: "Lukyan. Ina hanya?"

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na matsa daidai kan sawunsa na zuwa, na tsuguna, na fara kaɗa ƙararrawar da ya ba ni gyara. Ya karkata kai. Ya san muryarta, shi ya ba ta ita. Ya fara jan ƙafa, ba ya ɗagawa, hannuwa a buɗe. Ni dai kaɗawa nake, ba abin da zan iya sai wannan. Sau ɗaya ƙafarsa ta dama ta burma har gwiwa, ya kwanta da ciki ya ja jiki kamar yadda ya koya mana muna yara. Da ya iso inda igiya ta kai Zahar ya jefa, muka ja shi.

Ya zauna a kan akwati ruwa na zuba daga wandonsa. Babu wanda ya yi masa ba'a, ko Zahar. Can baya mai kakin zuma ta yi ta kaɗawa har ta gaji. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Babba ne wannan." Ya laluba ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya ce, "Zahar, ƙanƙara ta ƙare. Daga bana kai za ka riƙa faɗa." Ya juyo wajena. "Kai kuma rubuta mata. Ka ce ban ga tutar nan ta Janairu ba. Ba ita kaɗai ba."

Haka muka shigo gari, hannunsa a kafaɗata, rana tsaka, kowa yana ƙofar gida.

Yanzu yana kwance da zazzaɓi da tari, Inna ke jinyarsa. Babu hanyar kai shi asibiti, babu hanyar da likita zai zo, sai tabki ya buɗe. Kayan da kika aiko suna can bayan tsibiri, ba mai iya ɗauko su. In iska ta taso suna kaɗawa, yana sa a buɗe masa taga duk da sanyi. Jiya ya ce saura biyu yake ji. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ana cire yanar, na ce haka aka ce. Ya ce Gavrila ma haka aka ce masa. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Kada ki jira Yuli. Ki shigo jirgin farko.

Ƙaninki,
Lukyan

Na buɗe takardar na ƙara wannan, saboda maganar jirgi da gida, kada ki ce bakina ne kaɗai. Zahar mai gemu yana wurin, shi ya jefa igiya. Tihon yana wurin. Ulyana tana kan tudun gidan waya ta hango komai, ta kuma ce za ta gaya miki da bakinta cewa yatsan Baba bai taɓa yankewa ba. Malamar makaranta da Inna suna gaɓa lokacin da muka fito. Ki tambayi wanda kika ga dama. Duk sun gani. Baba ne kaɗai bai gani ba.